Fenti Ba Ya Hana Yoyo: Yadda Ake Shirya Gidan Haya a Kano

A Kano, idan dillali ya ce maka gida "an gama masa komai, shiga kawai za ka yi", mafi yawan lokaci fenti yake nufi. An sayo bokiti biyu ko uku na fenti mai ruwa, an ƙara masa ruwa har ya tsinke don ya isa, an shafe falo da ɗakuna, an bi ƙofar waje da fenti mai mai. Ƙamshin sabon fenti kuwa yana da tasiri a kan mai neman gida, musamman wanda ya gaji da yawo daga Rijiyar Zaki zuwa Ɗorayi, daga Sheka zuwa Na'ibawa, yana biyan kuɗin ganin gida a duk inda aka tsaya. Da ya shaƙa sai hankalinsa ya kwanta. Ba zai ɗaga kai ya dubi silin ba, ba zai zagaya ya ga murfin sokawe ba, ba zai tambayi lambar mita ba. Zai biya kuɗin shekara cif, ya ɗora la'adar dillali ta kashi goma, ya karɓi makulli.

Sauran bayani sai watan Agusta.

Abin da ya sa haka ba ɓoyayye ba ne. Masu neman gida sun fi gidajen yawa, kuma kuɗin shekara ake karɓa tun kafin mutum ya kwana ko sau ɗaya a ciki. Wani mai gidan ma shekara biyu yake nema. Jihar Legas ta yi dokar haya a 2011 wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ban da wasu unguwannin masu hali irin su Ikoyi, amma ko a can mai neman gida da ya matsu ba ya tsayawa karanta wa mai gida doka. Da zarar kuɗi ya shiga hannu, ƙarfin magana ya bar ɗan haya. Duk gyaran da ba a yi kafin biya ba ya koma roƙo: "Alhaji, don Allah a taimaka a duba mana rufin nan." Amsar kuma an san ta: "In sha Allahu, bari mai aikin ya dawo daga tafiya."

Ga wanda yake son ya miƙa gida yadda ya kamata, aikin yana da jerinsa, kuma fenti ne a can ƙarshe. Magina da kafintoci sun san wannan. Daga sama ake farawa, domin duk abin da aka gyara a ƙasa ruwan sama zai iya lalata shi a dare ɗaya. Bayan rufi sai famfo da wayarin, saboda su ne suke sa a fasa bango da daɓe. Sai a toshe inda aka fasa, a bar fulasta ta bushe sosai, a yi feshin ƙwari, sannan mai fenti ya shigo. Wanda ya juya jerin, ya yi fenti yau gobe mai gyaran famfo ya zo da guduma da kurfi, sau biyu zai biya kuɗin aiki ɗaya.

Rufi da abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Matsalar rufi ita ce ba ya nuna halinsa da rani. Wata bakwai ko takwas Kano ba ta ganin ruwan kirki, daga Oktoba har wajen Mayu, kuma a cikin wannan tsakanin ake yawan sauya gida. Amma gida yana barin shaida ga mai lura. Zagayen tabo mai ruwan ƙasa a jikin silin kwali, ko silin da ya ɗan yi ciki ya sauko, alamar ruwa ya taɓa zama a kansa ne. Silin roba da ake yayi yanzu ya fi iya rufa asiri, domin ba ya tabo. Sai an cire guda ɗaya an haska fitila a ga katakon da ke sama, ko ya yi baƙi ya ruɓe ko gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. Yoyon kwano yawanci daga ramin ƙusa yake, inda zafi da sanyi suka sassauta ta, ko daga inda kwano ya haɗu da bango, ko kuma daga indararon da ƙurar hunturu da ledoji suka toshe har ruwa ya rasa hanya ya koma ciki. Aikin yini ɗaya ne ga kafinta idan an tare shi da wuri. Idan aka bar shi, sai ya ci silin, ya ci katako, ya sauko kan katifar mutane.

Kakanninmu ba su wasa da wannan. A gidajen ƙasa na cikin Birni, yaɓe kafin damina abu ne da kowane mai gida ya san yana kansa duk shekara. Ana yin rufin soro da azarar giginya saboda gara ba ta cika iya mata ba, masu hali kuma su shafe shi da laso, wanda ake haɗawa da katsin da aka kwaso daga marina irin ta Ƙofar Mata, da gashin dabba daga majema, da dafara. Bulo da kwano da suka zo sun sa mutane sun ɗauka gini ya daina neman kulawa. Bai daina ba, jinkirta kukansa kawai yake yi.

Sai ƙasan bango. A unguwannin da ruwa yake kwanciya, za ka ga daga daɓe zuwa kamar gwiwar mutum fenti yana kumbura yana zubowa, ga wani farin gari a jiki. Danshi ne yake hawowa daga ƙasa. Shafa masa sabon fenti ba ya ɗaukar wata uku. Sai an kankare fulastar da ta mutu, an gano ta inda ruwan yake zuwa, ko kwatar maƙwabci ce take jingine da bangon, ko bututun banɗaki ne ya tsage a ciki. Masu gida da yawa sun gano dabarar manna tayil a wurin. Yana ɓoye abin, amma danshin sai ya haura saman tayil ɗin ya ɓullo.

Abin da aka fi kau da kai daga gare shi shi ne sokawe, domin ba wanda yake son buɗe murfin. Amma idan iyali mai mutum goma sun shekara biyar a gida, ramin ya kusa cika ko ya cika, kuma adalci shi ne a kira motar zuƙe masai kafin sabon mutum ya shigo, ba a bar shi ya biya kuɗin kwashe abin da ba shi ya tara ba. A nan akwai gargaɗin da ba a gajiya da maimaita shi: kada a tura yaro ko lebura cikin ramin. Iskar da take taruwa a ciki tana kayar da mutum cikin daƙiƙoƙi, wanda ya shiga ceto shi ma ya bi shi. Hukumar kashe gobara ta jihar Kano ta sha sanar da ciro gawarwaki daga masai da rijiyoyi. Murfin da ya tsage shi ma a sake shi, gida ne da yara za su yi guje-guje a ciki.

Akwai kuma wani lissafi da ba a cika yi ba. Masana tsaftar muhalli suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiyar da ake sha. Fulotin awon igiya mai ƙafa 50 kuwa bai wuce mita 15 da 'yan kai ba daga bango zuwa bango. Ke nan a irin waɗannan unguwanni, ko ka nisanta rijiyarka daga naka ramin, na maƙwabci yana bayan katanga. Mai gida ba zai iya faɗaɗa fuloti ba, amma zai iya yashe rijiyar, ya ɗaga bakinta, ya yi mata murfi, ya kuma faɗa wa mai shigowa gaskiya cewa ruwan na wanki da wanka ne. Inda ake da rijiyar burtsatse, a kunna injin a gaban ɗan haya, a wanke tankin da ya yi kore a ciki, a kuma yanke tun yanzu wa zai biya idan injin ya ƙone. Inda babu ko ɗaya, kuma ruwan Tamburawa ko na Challawa ba ya isowa layin, shi ma a faɗa, domin kuɗin 'yan garuwa na wata wani ƙaramin kuɗin haya ne.

Gadon bashin wuta

Babu rigimar da ta kai ta wuta yawa tsakanin mai gida da sabon ɗan haya. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wutar lantarki ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013, KEDCO ce take kula da Kano da Katsina da Jigawa. Gidan da ba shi da mita, bil ɗin ƙiyasi ake kawo masa kowane wata, kuma bil ba ya sanin an tashi. Tsohon ɗan haya ya daina biya wata shida kafin ya fita, gida ya zauna ba kowa wata uku bil yana zuwa, sai sabon shiga ya ga ma'aikata da tsani a ƙofar gida suna neman kuɗin da ya taru tun kafin ya san unguwar. Hukumar NERC mai sa ido a kan harkar lantarki ta sha bayyana cewa bashi yana kan wanda ya sha wutar, ba a ɗora wa sabon mazauni. Amma kafin mutum ya tabbatar da ranar da ya shiga, ya kai takarda ofis, ya jira amsa, ya kwana nawa a duhu? Abin da ya fi sauƙi shi ne mai gida ya karɓi bil na ƙarshe daga hannun mai fita kafin ya karɓi makulli, ya kuma sanar da kamfani a rubuce idan gidan zai zauna ba kowa.

Mita mai kati ta rage wannan, ba ta kawar da shi ba. Sau da yawa idan aka sa mita a gidan da ake bi bashi, tsohon bashin yana biyo lambar, a riƙa zaftare wani kaso duk lokacin da aka sayi kati. Hanyar ganewa ba ta da wuya: a sayi katin kuɗi kaɗan kafin a biya haya, a duba rasit a ga nawa aka cire, nawa ya zama wuta. Wani abin kuma, daga 24 ga Nuwamba 2024 duk mitar da ba a sabunta ta da lambobin sauyi ba ta daina karɓar sabon kati, don haka gidan da ya daɗe a rufe yana iya kasancewa da mitar da ba ta amsa komai. Sannan a tambayi rukunin layin. Tun Afrilun 2024, lokacin da aka kai kuɗin wutar rukunin A, masu samun awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, gida biyu masu kuɗin haya ɗaya suna iya bambanta nesa ba kusa ba wajen abin da wuta take ci.

Mafi muni shi ne haɗin sata. Tsohon ɗan haya ya sa an zagaye mita da waya don na'urar sanyaya ɗaki ko hita, ya tafi ya bar ta. Dokar lantarki ta 2023 ta tanadi tara da ɗauri a kan satar wuta, kuma wanda aka samu a gidan shi za a fara riƙewa. Mai wayarin da ya san aikinsa zai gano wannan cikin mintuna. Shi ne kuma zai duba soket ɗin da ya yi baƙi, da wayar da aka ɗaure da leda, da siririyar wayar da aka ja wa kicin alhali za a ɗora mata risho na lantarki. Yawancin gobarar da ake cewa "wuta aka kawo da ƙarfi" a irin waɗannan wurare take samun ƙofa.

Maganar ƙwari gajeriya ce. Kuɗin cizo yana iya yin watanni a tsagar bango da bayan katako ba tare da ya ci komai ba, yana jiran sabuwar katifa; kyankyaso yana cikin sokawe; ɓera ya san hanyarsa ta silin. Feshi yana da amfani ne lokacin da gida yake fayau, kafin kaya su shigo, kuma bayan an toshe tsagogin. Sai dai a yi hattara da fiya-fiya. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben Sniper da ire-irensa, domin maganin gona ne, ba na ɗakin kwana ba. Duk abin da aka fesa, a buɗe tagogi gida ya sha iska kwana biyu ko uku kafin a kawo yara. Ragar sauro a taga kuwa ta fi wani zanen fenti amfani, kuma ba ta kai shi tsada ba.

"Masu sabon aure kawai"

Wannan sharaɗi ya zama ruwan dare a bakin dillalai. Dalilin da ake bayarwa shi ne masu yara suna lalata gida, suna zane a bango, suna cika masai. Akwai gaskiya a ciki. Amma akwai dalili na biyu da ba a faɗa: babu ɗan hayar da yake gyara gida kyauta kamar ango.

Wanda aka sa wa rana ba shi da lokacin ciniki, musamman a watannin Rajab da Sha'aban da ake rububin ɗaura aure kafin azumi. Dangin amarya suna ta waya suna tambayar yaushe za a zo ganin gida a auna labule. Ranar da suka zo, gwaggo da yayyen amarya za su zagaya ko'ina, su ce wannan fentin bai yi ba, banɗakin nan sai an sa tayil, kicin ɗin ba kanta. Ango ya koma wurin mai gida, mai gida ya ce, "Ai haka kowa yake shiga, Malam. In kana so ka gyara, gidanka ne." Sai ango ya nufi Ƙofar Ruwa da titin Faransa da 'Yan Katako, ya sayo fenti da tayil da famfo da ƙofa, wani lokacin iyayen amarya su ƙara nasu don kada a raina 'yarsu ranar jere. A da, mata ne suke taruwa su yi wa amarya daɓe da makuba da madaɓi, ana waƙa ana raha, amma ɗakin na gidan mijinta ne, a nan za ta tsufa. Yau ana zuba dukiyar a ginin wani, kuma shekara tana zagayowa mai gida ya dubi gidan ya ga ya yi kyau, ya ƙara kuɗi. Ango ya biya kuɗin gyara, ya dawo yana biyan hayar gyaran da ya yi. A ganina wannan ita ce cuta mafi girma a harkar, kuma ta zama al'ada har ba a jin nauyinta.

Ba za a ƙi sauraron masu gida ba. Da yawansu ba attajirai ba ne: ɗan fansho ne da ya zuba kuɗin sallamarsa a ciki da falo guda huɗu, ko marayu da gwauruwa da suke cin abinci da hayar gidan gado. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 aka kuma saki naira, kayan gini suka yi tashin gwauron zabo. A watan Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka tsayar da naira 7,000 zuwa 8,000. A Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mai gidan da ya karɓi hayar bara ya cinye ta tun bara, ga shi mai fita ya bar masa ƙofa a karye, masai a toshe, bango ya sha hayaƙin gawayi. Da me zai gyara? Sai da kuɗin mai shigowa. Shi ya sa ake jin "kawo kuɗin tukuna a yi aikin", shi ya sa kuma aikin yake zama na gaggawa, ana fafe gora ranar tafiya. Mafita a nan tsohuwa ce kuma ba ta da daɗin ji: a ware wani abu daga hayar kowace shekara, ko da kwatankwacin ta wata ɗaya ce, a bar wa gidan. Kuma a yarda gida ya zauna mako biyu ko uku ba kowa a yi masa aiki, maimakon mai fita yana loda kaya a a-kori-kura mai shiga yana sauke nasa.

Malamai ba su bar wannan babi ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Kano tun da daɗewa, ta sanya haya a ƙarƙashin hukuncin ciniki wajen abin da ya halatta da abin da ya haramta, kuma a ciniki ɓoye aibin kaya haramun ne. Ta kuma yi bayanin cewa idan gida ya rushe kafin wa'adi ya cika, hayar sauran lokacin ta warware. Wanda ya shafa fenti a kan tabon yoyo don kada a gani, ya san a wane layi ya tsaya. Faɗin aibin ba ya korar ɗan haya a garin da gida yake wuya. Sau da yawa ragi kaɗan zai nema, ko ya ce a gyara kafin damina.

Abin da ya rage shi ne ranar miƙa makulli. A sauya kwaɗon ƙofar waje da na ɗakuna, domin ba wanda ya san hannu nawa tsohon makullin ya ratsa, daga dillalai zuwa 'yan aike. A gabatar da sabon mutum ga mai unguwa da maƙwabta, a gaya masa kuɗin 'yan sintiri da na masu kwasar shara. Sannan mai gida da ɗan haya su zagaya tare, da shaida ɗaya ko biyu, a ɗauki hoton kowane ɗaki da waya, a rubuta abin da mita take nunawa, fanka nawa ce a sama, famfo nawa ne yake aiki, gilashi nawa ne a fashe. Mutanenmu suna jin nauyin wannan, suna ganin kamar rashin yarda ne a nemi dattijo ya sa hannu a takarda. Amma shari'ar da ake kaiwa gaban mai unguwa ko alƙali bayan shekara uku, kusan kullum a kan abin da aka faɗa da baki ne. "Ka gyara a cire a kuɗin haya" magana ce mai daɗi, sai dai ba ta faɗi nawa za a cire ba, ko a wace shekara, ko wa zai ga rasit.

Takardar ta kuma fayyace makomar abin da ɗan haya ya ƙara da kuɗinsa. Fanka da tanki da allon sola, waɗannan ana kwancewa a tafi da su, a toshe ramukan da suka bari. Tayil da fulasta da rijiya ba sa ciruwa sai da ɓarna, don haka ko dai a amince da kuɗinsu tun kafin a fara aikin, a rubuta yadda za a riƙa cirewa daga haya, ko kuma a rubuta cewa ba za a ƙara wa mutum kuɗi ba har shekara biyu ko uku. Inda ba a yi haka ba, mai fita da ya ji an cuce shi yakan rama da abin da hannunsa ya kai: ya kwance ƙofofin da ya sa, ya cire soket da kan famfo har da ƙwan fitila, wani ma ya sa a farfasa tayil ɗin don kada a ci bulus. Mai gida ya kai ƙara, a yi ta zaman sulhu, gidan kuma yana rufe wata biyu ba mai biyan ko sisi.